Me ya sa ƙa'idojin rabawa da muka sani ba sa aiki a kan lambar da aka rubuta da tushen takwas?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina nazarin tsarin rubuta lambobi da tushen takwas, wato tsarin da ba a amfani da wasu alƙaluma sai daga 0 zuwa 7, kuma akwai abin da ya shige mini duhu wanda nake roƙon a warware mini.

Na ɗauki lambar 2025 na yi ta raba ta da takwas ina ajiye saura. Rabawar farko ta ba ni 253 saura 1, ta biyu ta ba ni 31 saura 5, ta uku ta ba ni 3 saura 7, sai 3 ta rage ita kaɗai. Da na karanta daga ƙasa zuwa sama sai na sami 3751₈. Zan riƙa sa ƙaramin 8 a gindin duk lambar da aka rubuta da tushen takwas domin kada ta rikice da ta tushen goma.

Kowa ya san 2025 ita ce 45 sau 45, saboda haka tana rabuwa da 3, da 5, da 9, ba tare da saura ba. Amma idan na dubi 3751₈ da ƙa'idojin da aka koya mana tun muna firamare, babu wadda ta nuna hakan. Idan na tara alƙalumanta zan sami 16, kuma 16 ba ta rabuwa da 9 ko 3. Alƙalamin ƙarshe kuwa 1 ne, ba 0 ko 5 ba, alhali lambar tana rabuwa da 5. To shin tushen takwas yana da nasa ƙa'idojin ne? Idan yana da su, daga ina suke fitowa? Sannan ina son sanin ko akwai wani abu game da lamba da wannan rubutu yake fitarwa fili wanda tushen goma yake ɓoyewa, ko kuwa amfaninsa bai wuce sauƙaƙa wa masu aiki da kwamfuta ba.

Tsohon Malamin Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Juyawar da ka yi daidai ce, kuma ga shaidarta: 3 sau 512 ya ba da 1536, 7 sau 64 ya ba da 448, 5 sau 8 ya ba da 40, sai 1 a ƙarshe, jimilla 2025. Lambar da ka zaɓa ta dace da tambayar ƙwarai, domin kusan kowace ƙa'ida tana bayyana a jikinta.

Abu na farko da ya kamata a rarrabe shi ne halin lamba da halin rubutunta. Rabuwar 2025 da tara, da kasancewarta murabba'in 45, wato 45 sau 45, halaye ne nata na kanta, kuma babu tushen da zai canja su. Jimillar alƙaluma kuwa, da alƙalamin ƙarshe, da yawan gurabe, duk na rubutu ne, suna canjawa da zarar an canja tushe. Ƙa'idojin rabawa da muka haddace gada ce tsakanin waɗannan biyun, kuma an gina kowacensu a kan dangantakar goma da lambar da ake rabawa da ita. Abin da nake ganin ya gaza a yadda ake koyar da su shi ne ana ba yara ƙa'idar ba a ba su dalilinta, sai su tashi suna ɗauka cewa tara tana da wani sirri na musamman, alhali sirrin bai wuce cewa tara ita ce goma ba ɗaya ba.

Ga yadda abin yake. Goma ita ce tara da ɗaya, ɗari ita ce 99 da ɗaya, dubu ita ce 999 da ɗaya. Duk gurbin da ka ɗauka, idan ka raba shi da tara saura ɗaya zai bari, shi ya sa kowane alƙalami yake zuba ƙimarsa kawai a cikin sauran. A tushen takwas gurabe su ne 1, 8, 64, 512, 4096, kuma lambar da take ƙasa da tushen da ɗaya ita ce bakwai. Takwas ita ce 7 da ɗaya, 64 ita ce 63 da ɗaya, 512 ita ce 511 da ɗaya, kuma 511 ita ce 7 sau 73. Saboda haka jimillar alƙaluma a tushen takwas ƙa'idar bakwai ce, ba ta tara ba. Jimillar da ka samu, 16, idan an raba ta da bakwai saura 2 ne, kuma 2025 ita ce 7 sau 289 da saura 2. Ka ga ke nan jimillar ba ta yi maka ƙarya ba, tambayar da ka yi mata ce ba tata ba. A tushen goma ƙa'idar bakwai tana da wahalar riƙewa, amma a nan ita ce mafi sauƙi.

Tara kuwa ta koma matsayin da goma sha ɗaya take riƙe da shi a tushen goma, domin ita ce ta fi tushen da ɗaya. Takwas ta gaza tara da ɗaya, 64 ta fi 63 da ɗaya, 512 ta gaza 513 da ɗaya, 4096 ta fi 4095 da ɗaya, kuma 63 da 513 da 4095 duk suna rabuwa da tara. Gurabe suna karɓa-karɓa ke nan, wannan ya ƙara ɗaya, na kusa da shi ya rage ɗaya. Don haka sai ka fara daga dama ka tara alƙalami na farko da na uku da na biyar a gefe guda, ka tara na biyu da na huɗu da na shida a ɗaya gefen, ka duba bambancin. A 3751₈ gefen farko shi ne 1 da 7, wato takwas, gefe na biyu shi ne 5 da 3, wato takwas, bambanci sifili. Lambar ta rabu da tara. Da yake uku tana raba tara, wannan bambancin shi ne kuma ƙa'idar uku: idan ya rabu da uku, lambar ta rabu da uku.

Alƙalamin ƙarshe yana ba da labarin lambobin da suke raba tushen ne kawai. Goma tana rabuwa da 2 da 5, shi ya sa ƙarshen lamba yake nuna su. Takwas tana rabuwa da 2 da 4 da 8, saboda haka lambar da ta ƙare da 0, 2, 4 ko 6 cika ce, wato tana rabuwa gida biyu ba saura, wadda ta ƙare da 0 ko 4 tana rabuwa da huɗu, wadda ta ƙare da 0 tana rabuwa da takwas. Dubu, alal misali, ana rubuta ta 1750₈, ɗari kuma 144₈. Alƙaluma biyu na ƙarshe su ne masu nuna 16 da 32 da 64: lamba tana rabuwa da 16 idan ta ƙare da 00, 20, 40 ko 60.

Biyar ce take buƙatar ɗan aiki, tun da ba ta raba takwas kuma ba ta maƙwabtaka da ita. Amma tana maƙwabtaka da 64 ta hanyar 65, wadda ita ce 5 sau 13. Sai ka yanka lambar biyu-biyu daga dama, ka yi wa yankunan irin karɓa-karɓar da aka yi wa tara. Taka ta zama 37₈ da 51₈, wato 31 da 41 a tushen goma, bambancinsu goma. Goma tana rabuwa da 5 amma ba ta rabuwa da 13, kuma haka 2025 take. Da ƙa'ida ɗaya ka gwada lambobi biyu.

Injiniyar Kwamfuta ta rubuta:

Malam ya gama da ɓangaren rabawa, ni zan taɓa ƙarshen tambayar ne kawai. Takwas ita ce 2 sau 2 sau 2, shi ya sa kowane alƙalamin tushen takwas yake tsayawa a madadin alƙaluma uku cif na tushen biyu, wato tsarin da ba a amfani da wasu alƙaluma sai 0 da 1. Ba sai ka yi wata rabawa ba. A lambarka 3 ita ce 011, 7 ita ce 111, 5 ita ce 101, 1 ita ce 001, idan ka jera su ka zubar da sifilin farko ka sami 11111101001, kuma wannan ita ce 2025 a tushen biyu. Tushen goma ba shi da wannan gata, domin biyar ɗin da ke cikinsa tana hana gurabensa daidaita da na tushen biyu.

Daga nan ne wasu siffofi suke fitowa fili. Ninke-ninken biyu, waɗanda a tushen goma suke zama 16, 32, 64, 128, 256, 512 ba tare da wani tsari da ido zai kama ba, a tushen takwas sun zama 20₈, 40₈, 100₈, 200₈, 400₈, 1000₈. Idan ka ɗebe ɗaya daga kowacce sai bakwai-bakwai su cika guraben ƙarshe: 127 ita ce 177₈, 255 ita ce 377₈, 511 ita ce 777₈.

A aikace muna haɗuwa da shi a izinin fayil na Unix da Linux, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, wato lambar da take nuna abin da aka yarda kowa ya yi da fayil. Karantawa tana da ƙima 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, kuma duk haɗin da ka yi na ukun nan ba zai wuce 7 ba, wato alƙalami guda. Idan aka ba fayil 755, mai shi yana da duka ukun, rukuninsa da sauran jama'a suna da karantawa da gudanarwa. Haka kuma lambar da jirgin sama yake aika wa masu kula da zirga-zirgar jirage ta na'urarsa alƙaluma huɗu ce na tushen takwas, daga 0000 zuwa 7777, jimilla lambobi 4096, kuma a cikinsu an keɓe 7700 domin halin gaggawa, 7600 domin lalacewar rediyo, 7500 domin fashin jirgi. Masu rubuta manhaja da harshen C su lura cewa lambar da ta fara da sifili ana karanta ta da tushen takwas ne, saboda haka 010 takwas ce, ba goma ba.

Tsofaffin kwamfutoci irin su PDP-8 ta 1965 suna aiki da bit 12 a tare (bit shi ne alƙalami guda na tushen biyu), wato alƙaluma huɗu daidai na tushen takwas. Da aka tsaya a kan bit takwas-takwas sai tushen goma sha shida ya karɓe filin, domin takwas ba ta rabuwa da uku. Misali ɗaya ya isa: bit takwas da duk suke a kunne 377₈ ne, amma idan ka haɗa irinsu biyu za ka sami 177777₈, inda ba za ka iya ganin inda na farko ya ƙare ba.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode, Malam, na gode, Malama. Na gwada ƙa'idojin a kan 1001, wadda ita ce 1751₈. Jimillar alƙalumanta 14 ce, ta rabu da bakwai. Yankunanta kuma 17₈ da 51₈ ne, wato 15 da 41, bambanci 26, wanda ya rabu da 13. Lallai 1001 ita ce 7 sau 11 sau 13.

Sai dai na lura da wani abu. Murabba'in 45 ya ƙare da 1, kuma da na juya 9, 25, 49 da 81 na sami 11₈, 31₈, 61₈ da 121₈, duk sun ƙare da 1. Wannan dace ne kawai, ko kuwa doka ce?

Ɗalibar Nazarin Lambobi ta rubuta:

Doka ce, Malam, kuma a ganina ita ce amsa mafi ƙarfi ga tambayarka ta ko tushen takwas yana fitar da abin da tushen goma yake ɓoyewa. Kowace lamba mara, wato wadda ba ta rabuwa gida biyu, ana iya rubuta ta a matsayin 2k + 1. Murabba'inta shi ne 4k(k + 1) + 1. Tun da k da k + 1 suna bin juna, dole ɗayarsu ta zama cika, saboda haka 4k(k + 1) tana rabuwa da takwas, abin da ya rage kuwa ɗaya ne. Murabba'in lamba mara ba shi da wani ƙarshe a tushen takwas sai 1. Na lamba cika kuwa yana ƙarewa da 0 ko 4, kuma idan aka duba alƙaluma biyu na ƙarshe ba ya wuce 00, 20, 04 ko 44. A tushen goma murabba'i yana iya ƙarewa da alƙaluma shida cikin goma, a nan kuwa uku ne kawai cikin takwas, don haka tankaɗen ya fi tsauri. Amma a kiyaye, dokar ba ta juyuwa: 17 ita ce 21₈, ta ƙare da 1, kuma ba murabba'i ba ce.

Abin da ya biyo bayan wannan ya fi shi kyau. Tun da murabba'i ba ya barin saura sai 0, 1 ko 4, ka ɗauki uku daga cikinsu ka tara ta kowace hanya da kake so, za ka iya samun ƙarshen 0 har zuwa 6, amma ba za ka taɓa samun 7 ba. Ma'anar wannan ita ce duk lambar da ta ƙare da 7 a tushen takwas ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i uku ba. Su ne 7, 15, 23, 31 da makamantansu, waɗanda a tushen takwas suke 7₈, 17₈, 27₈, 37₈. Ka gwada 23: sai ka kai ga 9 da 9 da 4 da 1 kafin ta cika. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'i huɗu suna isar kowace lamba, kuma ka'idar da ake dangantawa da Legendre ta nuna cewa lambobin da uku ba sa isarsu su ne waɗannan masu ƙarewa da 7, tare da abin da ake samu idan aka ninka su da huɗu, sau ɗaya ko fiye. Shi ya sa 28, wadda take 34₈, ita ma ta shiga sahunsu duk da ba ta ƙare da 7 ba.

Lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu ma suna nuna halinsu a alƙalamin ƙarshe. In ban da 2, duk suna ƙarewa da 1, 3, 5 ko 7, kuma ka'idar Dirichlet ta 1837 ta tabbatar da cewa kowane rukuni cikin huɗun ba shi da iyaka. Ƙarewa da 5 ba aibi ba ne a nan, domin 13 ita ce 15₈, 29 ita ce 35₈, 37 ita ce 45₈. Waɗanda suka ƙare da 1 ko 5 su ne ake iya rubutawa a matsayin jimillar murabba'i biyu, kamar yadda Fermat ya faɗa, Euler kuma ya tabbatar daga baya: 13 ita ce 9 da 4, 17 ita ce 16 da 1, 29 ita ce 25 da 4. Waɗanda suka ƙare da 3 ko 7, irin su 11 da 19 da 23, ba sa yiwuwa ko kaɗan. Mai kallon tushen goma sai ya yi rabawa kafin ya san wane rukuni lamba take, mai kallon tushen takwas kuwa da ido kawai yake gani.

Tsohon Malamin Lissafi ya rubuta:

Madalla da wannan bayani, 'yata. Zan ƙara abu biyu da suka shafi siffar rubutun kanta, tun da ɗan'uwanmu ya fara da 45, wadda a tushen takwas take 55₈.

Wannan lamba ce da ake karantawa daga dama ko daga hagu ta ba da abu ɗaya, kuma yawan alƙalumanta cika ne. Duk lamba mai wannan siffa dole ta rabu da tara, domin kowane alƙalami yana da tagwayensa a ɗaya gefen lissafin karɓa-karɓa, sai bambancin ya zama sifili. Ka gwada 1221₈, wadda ita ce 657, wato 9 sau 73. A tushen goma irin wannan doka tana aiki da goma sha ɗaya, kuma 11 ita kanta ta tsira a matsayin wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. A tushen takwas babu mai tsira ko guda, tun da 11₈ tara ce, tara kuwa 3 sau 3 ce.

Na biyu shi ne lambobin da aka rubuta da ɗaya-ɗaya zalla. 11₈ tara ce, 111₈ ita ce 73, 1111₈ ita ce 585, wato 9 sau 65, 11111₈ kuma ita ce 4681, wato 31 sau 151. A cikinsu 73 ce kaɗai ba ta rabuwa, kuma duk nisan da aka yi ba za a sake samun wata ba. Dalilin shi ne lamba mai ɗaya guda n daidai take da 8ⁿ − 1 an raba da bakwai, inda 8ⁿ yake nufin takwas guda n an ninka su da juna. Da yake 8ⁿ shi ne 2ⁿ an ninka shi a kansa sau uku, 8ⁿ − 1 yana fashewa gida biyu, wato 2ⁿ − 1 da kuma 4ⁿ + 2ⁿ + 1. Bakwai tana shiga ɗayan biyun ne ta rage shi, amma ba ta iya shafe shi gaba ɗaya sai idan shi kansa bakwai ne. Gida na biyu yana zama bakwai idan n ɗaya ce, abin da yake ba da lambar 1 kawai. Gida na farko yana zama bakwai idan n uku ce, a nan ne gida na biyu yake zama 64 da 8 da 1, wato 73. Ga duk wata n da ta wuce ɗaya, in ban da uku, gidajen biyu suna nan kowanne ya fi ɗaya bayan an cire bakwai, saboda haka lambar tana da masu raba ta.